Tungayen Bakin Kainji: Inda Ruwa Ke Tsara Shekara

Wanda ya hau jirgin inji a bakin kasuwar Yauri ya nufi kudu, da farko kogi zai gani: gaɓa a dama, gaɓa a hagu, shanu na shan ruwa, mata na wanki. Can gaba sai gaɓar ta soma ja da baya, tana ta ja, har a kai inda idan hunturu ne ido ba ya kaiwa tsallake. An shiga tsakiyar Tafkin Kainji ke nan, inda faɗin ruwa ya kai kilomita 24. Tsawonsa daga Yauri zuwa bakin madatsa kimanin kilomita 136 ne, kuma in ya cika ya batse yakan shafe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,270 ko kusa da haka, wani ɓangare a Jihar Kebbi, wani a Jihar Neja.

Yawancin 'yan Najeriya a wajen wutar lantarki suka san sunan Kainji. In an kawo wuta ba mai tuna shi, in an ɗauke a ce ai ruwa ne ya yi ƙasa. Amma a kewayen wannan ruwa akwai ƙauyuka da tungayen masunta kimanin 300, kuma dubban gidaje ne a cikinsu suke cin abinci daga abin da komar kalli ta fito da shi da asuba. Da yawansu har yau da tocila ko fitilar sola suke kwana, alhali ruwan da ke ƙofar gidansu shi ke juya injinan da ke haska manyan birane. Tun ranar da aka tare kogin Kwara, masu tsare-tsare megawat suke ƙirgawa. Kifi da mai kama shi ba safai suke shiga lissafi ba, kuma a ganina nan ne aka fi yi wa tafkin da mutanensa rashin adalci.

Abin da ke ƙarƙashin ruwan

An fara ginin madatsar a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi aikin. A 1968 aka toshe kogin Kwara ruwa ya fara taruwa, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. Mutum kimanin 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohuwar Bussa, gidan sarautar Borgu, ta nutse da fadarta da kasuwarta da maƙabartarta. Duwatsun da ruwa ke ruri a kansu a kusa da ita, inda Baturen nan Mungo Park ya hallaka a 1806, su ma suka shige. Yawancin tsibirin Foge, wanda ya fi kowane tsibiri girma a wannan yanki na kogin, ya bi su.

Gwamnati ta gina sababbin gidaje na bulon siminti masu lanƙwasasshen rufi, a Sabuwar Bussa da sauran matsugunai. Mutane sun karɓa, amma da yawa sun koka da zafin ɗakunan, kuma ba a daɗe ba aka ga ɗakunan ƙasa da rumbuna da dangar zana sun tsiro a gefensu. Wanda ya zana gidan a ofis bai san inda uwargida ke son murhunta ba.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne Gungawa, mutanen tsibirai. Manoma ne na ƙin ƙarawa, sun gaji noman albasa a lakar da kogi ke bari duk shekara, suna ban ruwa da hannu. Da aka mayar da su tudu sai suka tarar da ƙasar da ba ta san su ba. Kambari da Bussawa da Lopawa da Shangawa kowa ya sha tasa. Su kuwa Sarkawa, waɗanda su ne suka gaji sana'ar su kaka da kakanni kuma asalinsu ke komawa ƙasar Kabi, kogi mai gudu suka sani, sun san kowane gurbi da kowace kwana. Rana ɗaya aka miƙa musu ruwa mai faɗi, mai igiya, mai zurfin da ya kai mita 60 a kusa da madatsa. Dole kowa ya koma ɗalibi. Manomi ya koyi jefa birgi, masunci ya koyi karanta iska. Daga baya labarin kifi ya jawo baƙi: Nufawa, Zabarmawa, mutanen Mali, da masunta daga kudancin ƙasar nan. Duk ilimin da ake da shi a yau game da wannan tafki, inda giwan ruwa ke kwanciya da watan da falia ke shiga ciyawa, a cikin rayuwar mutum ɗaya aka tara shi.

Farin ruwa da baƙin ruwa

Ruwa biyu ne ke zuwa wa mutumin Kainji a shekara. Na farko farin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan daminar yankin nan ne, wanda Gulbin Kabi da sauran ƙoramu ke kwasowa, cike da laka. Na biyu baƙin ruwa, kuma tafiyarsa abin mamaki ce. A tsaunukan ƙasar Gini ya sauka tun da damina, ya nufi arewa maso gabas, ya bazu a babbar fadamar Masina ta ƙasar Mali ya zauna watanni yana sauke lakarsa, sannan ya wuce ta kusa da Tumbuktu, ya ratsa Gawo da Yamai, ya iso nan garau cikin Disamba da Janairu. Shi ya sa lokacin da koguna a ko'ina cikin Arewa suka zama rairayi, Kainji na cike maƙil.

Daga wajen Maris ruwa ke fara janyewa, don injinan madatsa na sha ba a ƙara musu. Yana kaiwa ƙarshen ƙasa a tsakiyar damina. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai kusan mita 10, kuma a inda gaɓa take shimfiɗe, wannan na nufin fili mai nisan gaske zai buɗe. A wannan fili rabin rayuwar bakin tafki take. Ana bin ruwa da shuka: albasa, wake, masara, dankali, shinkafa a inda ya dace. Ciyawar burugu na tashi kore shar, Fulani su gangaro da shanu, wani lokaci a yi zaman lafiya da musayar nono da kifi, wani lokaci a kai gaban mai gari saboda shanu sun tattake fatali ko sun yaga kalli. Idan ruwa ya dawo ya hau wannan ciyawa, nan kifi ke shiga ya yi ƙwai, nan 'ya'yansa ke ɓuya har su yi ƙwari. Kashin shanun da aka bari da rani shi ke ciyar da ƙananan halittun da 'ya'yan kifin ke ci. Makiyayi da masunci da manomi a fili ɗaya suke ci, kowa da watansa, ko da ba kullum suke yarda da haka ba.

Kwana a tunga

Tunga iri biyu ce. Akwai wadda ta zauna ta zama gari, da masallacin Juma'a da rufin kwano, har sunan wanda ya fara kafa ta ya bi ta. Akwai kuma ta ɗan lokaci, wadda ke bin ruwa: bukkokin kara da ciyawa, wani wuri a yafa tamfol, a kan tsibiri ko tudun da ruwa ya bari. In ruwa ya taso a kwashe tabarma da tukwane da kaji a zuba a jirgi a koma sama.

Aiki da yamma yake farawa. Bayan la'asar maigida da yaronsa su tura kwale-kwale, ɗaya na tuƙi ɗaya na sakin kalli, a bar shi ya kwana. Mai mamari ya shimfiɗa doguwar igiyarsa mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Mai gura ya zuba dusa a tarkonsa ya nutsar a bakin ciyawa. Da an sallame asuba kowa ya koma ya duba rabonsa, kuma kafin hantsi an dawo gaɓa, inda mata da dillalai ke jira da daro. Tsakar rana ta ɗinkin koma ce a gindin bishiya, rediyo na gefe, ana hirar inda aka ga kifi jiya da farashin man fetur. Yaron da bai kai shekara goma ba zai riƙe filafili ya tsallaka da kai inda kai babba ba za ka yarda ka shiga kai kaɗai ba.

Akwai daɗi a zaman nan, kuma ba laifi a faɗa. Iskar ruwa da dare lokacin bazara, romon sabon ƙurungu da yaji, sararin da ba gini ba hayaniya, da irin taimakon junan da ruwa ke tilasta wa mutane, don wanda injinsa ya mutu a tsakiya ba ya tambayar yaren wanda ya zo jan sa. Amma a ruwan da ake wanka da wanki ake ɗiban na sha. Tsargiya ta zama ruwan dare ga yara, har wasu iyaye ba sa ɗaukar fitsarin jini a matsayin ciwo. Sauro ba a magana. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, jirgi ne motar asibitinta. Makarantar allo na nan kusan ko'ina, ta boko kuwa a tungaye da yawa sai an tsallaka ruwa, kuma yaron da hannunsa ke da amfani a jirgi da wuya a sake shi.

Kalli, dala da idon koma

Shekarun farko bayan cikar tafkin, kifi ya yi ambaliya. Gonaki da dazuzzukan da suka nutse sun ruɓe sun zama taki, falia ta yi yawa har ana rasa itacen banda. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta kamun shekara ya haura tan 28,000. Zuwa 1978 ya faɗo kimanin tan 4,500. Wani ɓangare na faɗuwar nan haka kowane sabon tafki ke yi in takin farko ya ƙare. Wani ɓangaren kuwa hannun mutum ne: jirage sun yi yawa, idon koma kuma yana ta ƙanƙancewa.

Kifin Kainji na da yawan iri. Giwan ruwa shi ne sarki, babbansa sai mutum biyu sun kama. Akwai karfasa, tarwaɗa, ramboshi, ragon ruwa, yauni mai tsada, bargi, tsage mai haƙora, kawara, da minjiryar da ke girgiza hannun wanda bai yi hattara ba. Sai kuma warangi, ɗan ƙaramin kifin da bai kai tsawon yatsa ba, wanda ke yawo tuli-tuli a sararin tafkin. A kansa ne babbar rigimar Kainji ta tashi.

Da dala ake kama warangi. Doguwar koma ce ta ɗaruruwan mitoci, idonta bai fi na gidan sauro ba, ana zagaya ruwa da ita a jirgi sannan samari su ja ta zuwa gaɓa. A tsakiyar shekarun 1990 dala ta cika tafkin, kamun 1996 ya haura tan 38,000, kuma kaso mai tsoka na wannan warangi ne. A takarda abin ya yi kyau. Sai dai dala ba ta zaɓe. Duk abin da ta tarar a bakin gaɓa da shi take fitowa, har da 'ya'yan giwan ruwa da falia da karfasa waɗanda ba su kai ko wata uku ba. Kifin da in an bar shi shekara biyu zai cika daro, sai a shanya shi a rairayi a sayar a mudu. Daidai yake da manomin da ya daka irin shukarsa ya tuƙa tuwo.

A 1993 aka fara wani aikin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus don gyara harkar su a tafkin, tare da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, wadda ke Sabuwar Bussa. Sun ƙirga jirage da komaye ƙauye-ƙauye, sun riƙa auna kamu wata-wata. Jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin kamun kifi. Aka hana dala, aka hana yanke ciyawar burugu don rutsa kifin da ke ciki, aka hana zuba guba irin su Gamalin, aka ce idon kalli kada ya gaza inci uku, aka kuma fito da lasisi. Abin da ya sa dokar ta yi aiki a lokacin shi ne ba a bar ta a hannun ma'aikaci mai takarda kaɗai ba. An bi ta fadar sarakuna, an sa sarakunan ruwa a gaba. Sarkin Ruwa ya san wa ke da dala, ya san inda ake ɓoye ta, ya san uban mai ita. Kifi na ganinka mai jar koma. Dala ta ragu ƙwarai a ƙarshen shekarun 1990. Da aikin ya ƙare, kuɗin sintiri ya yanke, sai ta riƙa dawowa sannu a hankali.

Ba na son a ɗauka mai ƙaramin ido mugu ne. Galibi bashi ne a wuyansa. Ɗan kasuwa ya ba shi koma da inji, da sharaɗin duk abin da ya kama shi zai sayar wa, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Fetur ya yi tsada. In ya ɗaura kalli mai inci uku ya kwana bai samu komai ba, maƙwabcinsa mai inci ɗaya ya cika daro, gobe me zai gaya wa iyalinsa? Mutum ɗaya ba ya iya barin ƙaramin ido shi kaɗai. Sai dai a bari gaba ɗaya, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da hukumar da ake jin maganarta, wadda ba ta kama talaka ta saki yaron babban mutum.

Hayaƙin banda

Kifin da bai samu mai saye ɗanye ba, kafin azahar ya fara lalacewa, don ƙanƙara ba ta isa yawancin tungaye. Nan aikin mata ya shigo. Su ke fafe shi, su lanƙwasa tarwaɗa su soke da tsinke, su jera a kan waya bisa murhun banda, su kwana suna juyawa cikin hayaƙin da ke cin ido da ƙirji. Da yawansu jarinsu ne, ba na miji ba, kuma akwai gidajen da mace ce ta sayi komar da maigida ke fita da ita. Ranar kasuwa a Yauri ko Malale ko Warra, ana ɗure banda a kwalaye a ɗaure da igiya, manyan motoci su kwasa zuwa Onica da Ibadan da Legas. Matar da ta saya a can ba ta san sunan tungar da ta fito ba. Itacen da ake ƙonawa kuwa kullum sai an ƙara nisa kafin a same shi.

Maƙwabtan da ba mutane ba

Da sassafe bakin Kainji na tsuntsaye ne: zalɓe a tsaye cikin ruwa, belbela a bayan shanu, kirinjijiya na tashi garke-garke da kukansu, ɗinya a cikin ciyawa. Da hunturu baƙi na zuwa daga Turai, su yi watanni su koma. Ragowar tsibiran Foge sun zama mafakarsu, shi ya sa a 2008 aka sa su cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Dorina na nan, kuma mai gonar shinkafar da ta kwana a ciki ba zai yi maka zancen kyanta ba. Kada na nan. Ayu ma na nan, sai dai ganinsa ya yi wuya, don an daɗe ana farautarsa saboda namansa da mansa da abin da ake cewa sassan jikinsa na magani. Dabba ce mai haihuwar ɗa ɗaya bayan shekaru, doka ta hana kashe ta, kuma duk wanda aka kashe ba a mayar da gurbinsa da wuri.

Akwai kuma baƙuwar da ba a gayyata ba, wata irin kainuwa mai shuɗin fure wadda asalinta Kudancin Amurka ne. Ta gangaro ta kogi a ƙarshen shekarun 1980, tana toshe mashiga, tana naɗe koma, tana kama farfelar inji. Har shinge aka gitta a kan kogin a wajen Zamare don tare ta, mutanen ƙauyuka kuma suka riƙa fita gayya suna kwashewa.

A gefen tafkin akwai gandun dajin ƙasa na Kainji, wanda aka kafa a 1979 da ɓangarori biyu, Borgu da Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. A da masu yawon buɗe ido na zuwa kallon dorina a kogin Oli. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun samu maɓoya a cikinsa, kuma ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi sun ɗanɗana kuɗarsu. Masunci da ya saba tsoron hadari da dorina, yanzu yana kuma tunanin wa zai tarar a gaɓa.

Kututture

Lokacin da ruwa ya taso a 1968 ba a sare dukkan itatuwan da ke kwarin ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashi fiye da shekara hamsin. Kifi na son su, don mafaka ce. Amma in ruwa ya ja, kawunansu na zuwa dab da sama, inda ido ba ya gani sai cikin jirgi ya ji. Haɗa wannan da guguwar farkon damina, wadda kan tayar da igiya a tsakiyar tafki cikin ɗan lokaci, da tsohon jirgin katako, da lodin mutane da babura da buhuna fiye da ƙima.

A ƙarshen watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja zuwa kasuwar Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Mutum sama da 150 ne a ciki, kuma waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 'yan ashirin ba. Akwai mata da ƙananan yara da yawa. Masuntan tungayen kusa ne suka yi ta nutso kwana da kwanaki suna fito da gawarwaki. Ba shi ne na farko ba, kuma an sake yin wasu bayansa.

Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta tun 2010 amma ba ta fara aiki ba sai bayan shekara goma, ta raba rigunan kariya, ta kuma sa an sare kututture a wasu hanyoyin jirage. Aiki ne mai kyau, kuma ya kamata a ci gaba har a bi duk hanyoyin da ke kaiwa kasuwannin Yauri da Warra da Malale, a kafa alama a inda ba a iya sarewa ba. Sauran aikin a bakin gaɓa yake, wajen lodi. A kowace tasha akwai shugabannin masu jirage da ke karɓar kuɗin ƙungiya, kuma sun san adadin da kowane jirgi zai iya ɗauka. Su ya kamata a ba ikon hana jirgi tashi in ya wuce ƙima, ko in magariba ta yi, ko in fasinja ba riga a jikinsa, su kuma za a fara tambaya in aka bar shi ya tashi.